Kaka Ta Ce To

A Birnin Ƙonni, a layin da ya bi bayan tasha, akwai wani ƙaramin shago na zane da buga takardu. Mutum biyu ke da shi. Alkasum shi ne mai zane. Daga safe har la'asar yana gaban kwamfuta, yana tsara allon shaguna da katin biki da ƴan takardun nan da ake mannawa a jikin leda ko kwalba, waɗanda ake kira etiketi. Bara'atu, ɗiyar wan babansa, ita ke karɓar masu kawo aiki, ta saurare su, ta rubuta abin da suke so a kayenta, wato littafin rubutunta. Hannunsu yana da kyau, mutane kuma sun san da haka. Abin da ba su da shi shi ne tsayayyar ƙa'ida tsakaninsu da masu kawo aiki. Kowa yadda ya zo, haka ake tafiya da shi.

Can gabas, cikin ƙasar Malbaza, akwai ƙauyen Gidan Manu. Mata goma sha huɗu na ƙauyen suna da ƙungiyar masu yin gabu. Sukan yanka albasa, su shanya, su soya, su daka, su zuba a leda, masu miya su saya. Gabunsu ya yi suna a kasuwannin kusa, sai dai ledarsu ba suna, ba hoto. A bana aka ba su teburi a wani baje kolin kayan gona da za a yi a Tawa, da sharaɗin kowace leda ta zo da etiketi. Motar da za ta kwashe su za ta tashi ranar Alhamis ta mako mai zuwa, da sassafe. Shugabarsu Hawa'u ce, dattijuwa mai ƙarfin jiki, mai ƙarancin magana.

Hawa'u surukar Alkasum ce, ɗiyarta ta fari yake aure. Shekara goma sha uku da auren, ba su taɓa zama wuri ɗaya sun yi hira ba. In ya zo gaisuwa yakan tsuguna a zaure, ita kuma ta amsa daga bayan katanga. Ba ta kiran sunansa. Ko shi kaɗai take nufi, "mutanen Ƙonni" take cewa. Da matan suka yanke shawarar kai aikin shagonsa, kowa ya ga abin zai zo da sauƙi tunda ɗan gida ne. Ita ma Bara'atu ba ta buɗe kayenta ba. Ta ce aikin dangi ne, ta bar wa Alkasum.

Saura wanda zai riƙa kai magana yana kawowa, tunda suruka da suruki ba za su yi waya da juna ba. Nauyin sai ya faɗa kan Mubaraka, ɗiyar Alkasum, mai shekara goma sha ɗaya, wadda ta zo hutun lakwal, wato makarantar boko, wurin kakarta. Ita ta iya wayar, ita kuma ba ta jin nauyin kowa daga cikinsu.

Zanen farko ya iso ranar Litinin. Alkasum ya zana jar albasa irin ta Galmi, mai jan nan mai duhu kamar an ɗiga masa shuɗi, da ganyenta tsanwa a sama da ƴan saiwoyinta a ƙasa. A kwamfutarsa albasa ce sak. Amma wayar Hawa'u tsohuwa ce, gilashinta ya tsage, haskenta ya dusashe. Da Mubaraka ta zaga da ita, Sahiya, wadda ta fi kowa baki a ƙungiyar, ta ce wannan ai albasar da ta ruɓe a rudu, rumbun ajiyar albasa, ce, a gaya wa mai zane ya ƙara mata ja. Mubaraka ta aika saƙon murya. Kafin azahar zane na biyu ya dawo da ƙarin ja.

Daga nan ƙafa ba ta ɗauke ba. Fadila ta tare Mubaraka a bakin rijiya ta ce a cire ganyen, kada masu saye su ɗauka gabun ganye ne, alhali nasu na kan albasa ne zalla. Habiba ta same ta wurin daka ta ce albasar ta cika rama, a cika mata kumatu, albasar Gidan Manu ba ta jin yunwa. Wata ta ce saiwoyin nan kamar gemun bunsuru suke, a share su. Da aka cire ganye wata ta ce kan ya yi sanƙo, a bar ɗan tsanwa kaɗan a bisa. Sahiya ta sake dubawa ta ce har yanzu jan bai isa ba. Kowacce ita kaɗai take zuwa, kowacce da "ki gaya wa babanki" take farawa. Mubaraka ba ta zama. Tana cikin wasa za a kira ta, tana cin tuwo za a kira ta. Takan hau tudun da ke bayan masallaci, inda waya ta fi kamawa, ta aika, ta sauko, a sake kiranta.

Shi kuwa Alkasum duk saƙon da ya zo yana ɗauka daga bakin surukarsa ya fito, don Mubaraka "an ce" kawai take cewa. Bai yi musu ko sau ɗaya ba. Ranar Juma'a Bara'atu ta leƙa ta kafaɗarsa, ta tsaya jim, ta tambaye shi ko ya tabbata haka suke so. Ya ce haka su Inna, wato surukarsa, suka ce, shi kuwa ba shi da bakin gyara wa su Inna albasa.

Ranar Asabar zane na bakwai ya iso. Hawa'u tana tsakar gida tana juya yankakkiyar albasa a tabarma. Mubaraka ta miƙa mata wayar, ƙawayenta biyu na jiranta a ƙofa. Tsohuwar ta goge hannu a zane, ta kai wayar inuwa, ta kawo ta kusa da ido, ta nisantar. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙa wa yarinyar, ta koma kan tabarmarta.

"To," in ji ta.

Mubaraka ta ruga tudu ta kira babanta. Ta ce masa Kaka ta ce to. Ya tambaye ta ko ta yarda ke nan, ta ce eh, da kunnenta ta ji. Takardar da ake buga etiketi a kanta, mai gam a baya, daga Sakkwato ake kawo musu, kuma ƙunshi biyu kaɗai ya rage a shagon. Alkasum ya buɗe ɗaya ya buga ɗari shida.

Ranar Litinin da hantsi Rabilu ɗan kabu-kabu, mai zirga-zirga tsakanin ƙauyen da Ƙonni, ya sauke kwali a ƙofar gidan Hawa'u. Matan suka taru. Aka yanke igiya, aka zaro takardar farko, aka riƙa miƙa wa juna. Sunan ƙungiya ya fito raɗau. A ƙarƙashinsa ga wani abu jajir, mai kumatu, mai sheƙi, da ɗan tsanwa a ka. Ana cikin kallo sai ɗan Fadila, wanda ke goye a bayanta yana leƙe, ya miƙa yatsa ya ce tumatir.

Sahiya ta ce to shi ke nan, mutanen Tawa za su ce kauɗa, busasshen tumatir, suka kawo. Habiba ta ce ita dai kumatu kawai ta nema, ba ita ta ce a yi ja haka ba. Sahiya ta ce a waya ba haka jan yake ba. Fadila ta ce da an bar saiwoyin da ko makaho ya gane albasa ce. Murya ta fara hawa kan murya. Hawa'u ta tattara takardun ɗaya bayan ɗaya, ta mayar cikin kwali, ta ɗaure, ta kai ɗaki ta tura ƙarƙashin gado. Da ta fito ta ce ba za ta kai tumatir Tawa da sunan Gidan Manu ba, ba kuma za ta mayar wa mutanen Ƙonni da aikinsu ba. Bana a haƙura da baje kolin. Ta ce kada ta ji wadda ta kai maganar gaba.

Matan suka watse ba sallama mai daɗi. Ledojin gabu, waɗanda aka yi wata guda ana cikawa, suna jere cikin buhuna a rumfa.

Bayan azahar Alkasum ya kira ya ji ko kaya sun iso. Hawa'u ta ce wa Mubaraka ta ce sun gani, sun gode, Allah ya yi albarka. Mubaraka ta faɗa yadda aka ce mata. Ta ji babanta ya yi ajiyar zuciya ta jin daɗi.

Ta kasa zama. Ta ɗauki tsintsiya ta share inda ta riga ta share. Ta fita ƙofa, ta dawo. Ta leƙa rumfa ta ƙirga buhunan, ta koma ɗaki ta durƙusa ta kalli kwalin. Ƙawayenta suka zo kiranta ta ce kanta na ciwo. Daga ƙarshe ta zo ta tsaya kan kakarta, wadda ke tsince wake.

"Tsohuwa, ke fa kika ce to."

"Na ce to. Kin ji na ce a buga?"

"To ɗin mine ne, in ba a buga ba?"

"Na ji ne, na gani. Ke ƴar birni ba a koya muku Hausa a lakwal?"

Mubaraka ta ce da ba ta so, ai sai ta faɗa. Hawa'u ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta tambaye ta ko tun da aka haife ta ta taɓa jin ta ce wa mutanen Ƙonni abu kaza nasu bai yi ba. Ta ce tun zane na uku ta ga albasar tana barin hanya, amma ta ɗauka mai zane shi ya ga dama, wataƙila haka ake yi yanzu a birni. Ba ta san matan ne ke bin yarinyar ɗaya ɗaya ba. Ta yi niyyar ta kwana da maganar, ta nemi hanyar da za ta bi ta wurin ɗiyarta, sai ga kwali.

Da la'asar Mubaraka ta ɗauki wayar ta ce za ta kai caji. Ta zagaya bayan rudun albasa na maƙwabta, ta hau tudu ta ɗaya gefen, ta nemo lambar Bara'atu. Sau biyu tana dannawa tana kashewa. A na uku ta bari ta shiga.

"Tanti, albasar ta zama tumatir," ta ce, sai kuka ya ƙwace mata.

Bara'atu ta bar ta ta gama. Sannan ta shiga tambayarta a hankali, wa ya ce a ƙara ja, wa ya ce a cire ganye, wa ya ce kumatu. Da suka ƙirga, baki biyar ne suka yi magana, kuma ba na Hawa'u a ciki. Bara'atu ta ce laifin ba na yarinya ba ne, nata ne, ita da ta ga aikin dangi ta rufe kaye. Ta ce gobe da safe tana tafe, a gaya wa Inna.

Faɗa wa Innar ya fi kiran wuya. Mubaraka ta yi ta kewaye tsakar gida har aka kira magariba kafin ta iya. Hawa'u ta dube ta sama da ƙasa, ta ce wannan baki ko reza albarka, a gidan wa ta gado shi. Sannan ta sa aka kama zakara aka kife da kwando saboda baƙuwa.

Talata da hantsi suka iso, su biyu. Alkasum ya gaisa daga zaure, ya koma gindin dogonyaro a bakin gari inda dattawa ke zama, kwamfutarsa a cinya. Bara'atu ta shiga ciki. Bayan an sha ruwa an gaisa, matan sun cika tsakar gida, ta roƙi a fito da kwalin. Ta zaro etiketi ɗaya ta ajiye a tabarma, ta ce a ba ta albasa guda, ta ajiye kusa da shi. Ta dube su, ta dubi matan, ta ce ita dai a miyar gidansu duka biyun ana sawa. Sahiya ce ta fara dariya, saura suka bi. Hawa'u ma ta rufe baki da gefen mayafi.

Bara'atu ta gaya musu gaskiyar yadda ake ciki. Ƙunshin takarda ɗaya ya rage, wata ba za ta zo daga Sakkwato ba sai mako mai zuwa, bayan an tashi daga baje koli. Bugu ɗaya ke gare su. In ya lalace, ba na uku. Saboda haka kafin a taɓa kwamfuta tana so su daidaita yadda za su yi aiki da juna, wanga karo da duk wanda zai biyo baya. Ta buɗe kayenta a cinya.

Ta fara da baki. Ta ce su tattauna a tsakaninsu yadda suka ga dama, su yi gardama har su gaji, amma abin da zai isa shago ya fito daga bakin mutum ɗaya. Aka ce Hawa'u. Sahiya ta ce ita fa in ta ga abu ba ta iya haɗiyewa. Habiba ta ce ai an sani, ta riƙa zuba wa shugaba, ita ta tace. Bara'atu ta rubuta. Ta ce launi kuma ba za a ƙara faɗarsa da baki ba, don jan Sahiya daban, jan wayar Inna daban, jan injin bugawa daban. Duk launin da ake so a kawo abin da ke da shi, albasa ce ko zane ko ƙasa. Ba kuma za a yanke hukunci a kan hoton waya ba, sai an buga gwaji a takarda an riƙe da hannu.

Kan yawan gyara aka ɗan ja. Bara'atu ta ce sau biyu, a tara duka a faɗa lokaci ɗaya. Fadila ta ce ko tela ana koma masa sau uku. Bara'atu ta ce tela in aka koma masa sau bakwai riga takan zama hula. Aka tsaya a biyu, amma na wannan aikin ɗaya tak, saboda lokaci.

Da Bara'atu ta ɗaga biro za ta rufe kaye, sai Hawa'u ta ɗaga hannu.

"Ɗiyata, kin faɗi naku. Mu ma muna da namu."

Ta ce na farko, ita da Bara'atu za ta riƙa magana, ba da mutanen Ƙonni ba, ko kai tsaye ko ta bakin yarinya. Abin da ba ta iya ce masa tana iya ce mata. Ta ce kuma in an kawo gwaji a ajiye musu a tafi, don su ba sa iya kushe abu mai shi na tsaye a kansu. A ba su kwana ɗaya da shi. Fadila ta sa baki ta ce kada a kira su ranar kasuwa a ce ana son amsa yanzu yanzu. Wata daga baya ta ce in mai zane ya ga abin da suka nema zai ɓata aikin, ya faɗa, kada ya yi shiru ya bi su, ai don ya fi su sanin zane aka kai masa. Bara'atu ta ce wannan da kanta za ta kai masa shi gindin dogonyaro, da zafinsa. Ta rubuta duka.

Saura kalmar yarda. Bara'atu ta ce daga yau "to" ba ya tada inji. Ta tambaya ko "ya yi" zai wadatar. Habiba ta ce Hawa'u ko tuwo ya ƙone in surukarta ce ta tuƙa "ya yi" take cewa. Aka kawo "madalla", aka ce wannan ta gaisuwa ce. Mubaraka, wadda ke tsaye jikin turmi tana murza gefen hijabinta, ta ce jiya Kaka da kanta ta faɗi kalmar, "a buga". Aka dubi Hawa'u. Ta ce yarinyar tana da kunne in ta ga dama.

Bara'atu ta karanta abin da ta rubuta da ƙarfi, da Hausa, layi layi. Ta shafa wa babban yatsan Hawa'u tawadar biro, ta dangwala. Da ita za ta sa hannu irin na buro, wato na ƴan ofis, Hawa'u ta ce a'a, wannan ƙugiya-ƙugiyar ba ta san ta ba, ita ma ta dangwala. Ta dangwala kusa da nata.

Hawa'u ta shiga rumfa ta daɗe tana zaɓe, ta fito da albasa guda ta ba Mubaraka ta kai bakin gari. Alkasum ya karɓa da hannu biyu. Ya juya ta a rana, ya juya ta a inuwa, ya ɓare fatar waje kaɗan. Ya ce shi da aka yaye da wannan albasa, ga shi ya zauna ya mai da ita tumatir da hannunsa. Ya tambaya a hankali ko Inna ta yi fushi. Mubaraka ta ce ba ta faɗa ba, amma an yanka zakara. Ya ce da ya sake tambaya ranar Asabar da ba a kai nan ba. Ya sa albasar a aljihun rigarsa, ba a jaka ba.

Laraba ita ce ranar ƙarshe, don haka wanga karo ba damar kwana da gwaji. An shirya Rabilu zai kawo gwaji da hantsi, amsa kuma ta isa shago kafin azahar, don bugu da yanka suna cin awa uku, kuran ɗin layinsu, wato wutar lantarki, kuma ba shi da tabbas da yamma. Tun da gari ya waye Mubaraka take bakin hanya. Duk ƙarar babur sai ta miƙe. Biyu suka wuce ba Rabilu. Ta koma gida aka ce ta ci abinci, ta ci loma uku ta fito. Sai da rana ta take sosai ya iso, ya ce taya ce ta yi faci bayan Malbaza. Ya ba da takarda guda cikin ambulan ya koma inuwa yana jira.

Wannan karon albasa ce. Jan mai duhu, jijiyoyin fata, ƴan saiwoyi a ƙasa. Aka ajiye ta kusa da ta gaske, aka kai rana, aka dawo inuwa. Sahiya ta buɗe baki za ta ce wa Mubaraka wani abu, ta tuna, ta juya wajen Hawa'u ta ce a ƙara girman suna. Fadila ta ce sunan ya isa. Aka yi ta yi. Hawa'u ta saurari kowa, ta karɓi takardar, ta koma gefe ita kaɗai. Ta kalla, ta kalla.

"To," in ji ta, ta ɗora takardar a cinya.

Wayar tana hannun Mubaraka, kuma a daidai lokacin ta fara ƙara. Bara'atu ce. Inuwar katanga ta kusa komawa gindinta. Matan suka dubi yarinyar, wata ta ce ta ɗauka mana, lokaci na tafiya. Mubaraka ta ji ƙafafunta na son tudu. Ta bar wayar ta yi ƙara har ta gaji. Ta je ta zauna a ƙasa gaban kakarta.

"Kaka, saura mi?"

Wayar ta sake ƙara, ta sake yin shiru. Sannan Hawa'u ta sa yatsa a saman albasar da ke takardar. Ta ce wuyan ne. An yanke shi ƙurmus, dab da kai. Albasar da aka yanke wa wuya haka ba ta wata biyu a rudu, ruwa ke shiga ta ruɓe. Duk manomin da ya tsaya gaban teburinsu a Tawa zai gani, ya ce matan Gidan Manu ba su san girbi ba. Matan suka matso suka duba. Ba wadda ta lura da farko, yanzu kuma kowa ta gani.

Gyara ɗaya suke da shi, ga shi an samu. Amma an ce sai an gani a takarda, kuma ba lokacin da Rabilu zai je ya dawo da wani gwajin. Sahiya ta ce a faɗa ta waya kawai. Hawa'u ta ce jiya jiya ta dangwala yatsa. Mubaraka ta tashi da gudu ta ɗauko bironta na lakwal. Ta durƙusa, ta ɗora takardar a bayan faranti, ta ja layi biyu daga kan albasar zuwa sama. Kakarta ta ce ƙara. Ta ƙara. Ta ce ya isa, ta lanƙwasa shi kaɗan, busasshen wuya ba ya tsayawa ƙiƙam. Ta lanƙwasa. Hawa'u ta auna da yatsu biyu a kwance, ta gyaɗa kai.

Tare suka hau tudun, tsohuwar na tafiya a hankali, yarinyar na gaba tana dawowa. Mubaraka ta ɗauki hoton takardar ta aika, ta kira Bara'atu, ta kanga wa kakarta wayar a kunne. Suka gaisa gaisuwa cikakkiya, har da tambayar gajiyar jiya, Mubaraka na taka ƙasa da ƙafa ɗaya. Bara'atu ta ce ta ga hoton, wuya yatsu biyu, a lanƙwashe, ba wani abu kuma. Hawa'u ta ce ba wani abu.

"A buga," in ji ta.

Rabilu ya koma Ƙonni ya jira a ƙofar shago. An ɗauke kuran ana cikin yankan ƙarshe, suka ƙarasa da almakashi, su uku. Rana ta yi ja kafin ya shigo Gidan Manu da sabon kwali. Matan suka baje tabarmi, wasu na ɓare bayan takarda, wasu na mannawa, wasu na mayarwa buhu. Abin da duhu ya hana suka ƙarasa bayan sallar asuba.

Motar ta tashi da sassafe, Hawa'u a gaba, Sahiya da Fadila a baya kan buhuna. Mubaraka ta tsaya bakin hanya har ta daina jin ƙararta, sannan ta koma gida ta zauna ta cinye ɗumamen da aka ajiye mata. Ta gane cewa kakarta ba za ta taɓa iya ce wa babanta a'a ba, shi ma ba zai iya ce mata ba, kuma duk wanda aka aika tsakanin mutum biyu irin haka sai ya zauna ya tambaya har ya san abin da ake nufi kafin ya tashi.